Filin Goggo: Ya sayar da shanun huɗa ya sayo tsohon inji

Wasiƙu uku na ware a wannan mako, dukansu daga arewacin Zamfara, dukansu kuma a kan injin gyaran ƙarfe. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fita ne a reluwe a Zariya, a gaban irin waɗannan injuna na yi ƙuruciyar kai masa abinci. Maigidana ma sana'arsa ke nan har ƙarfi ya fara ja baya ya bar wa yara shago. Da shi muka zauna muka bi wasiƙun ɗaya bayan ɗaya.

*

Assalamu alaikum Goggo. Ni matar aure ce a Birnin Tsaba, shekarata 14 a ɗakina, 'ya'yanmu biyar. Maigidana manomi ne, da rani kuma yana taɓa gyaran injin ban-ruwa da na niƙa. Damina uku ke nan gonarmu ta daji ba ta nomuwa, kin san halin da muke ciki. Bara ya ce da a wayi gari an kore mana shanun huɗa, gara ya sayar da su da hannunsa. Ban musa ba. Na ɗauka hatsi zai aje, ko ya nemi ɗan fili a Ƙaura Namoda. Sai ga shi da a-kori-kura ɗauke da wani tsohon injin sassaƙar ƙarfe da ya saya wurin 'yan gwangwan a Gusau, sai da maza takwas suka taru kafin a sauke shi. Kuɗin bai kai ba, ya karɓi kwasar adashina, naira dubu 180, ya ce wata biyu zai maido. Yau wata bakwai. Injin na nan zaure bai taɓa juyawa ba, wai wuta mai layi uku yake so, mu da layi ɗayan ma sai mu daɗe ba mu gan shi ba. Kullum da la'asar yana zaune yana kankare masa fenti da tsatsa, yara na taya shi. Danginsa na yi mana dariya, suna cewa shi da ba ɗan maƙera ba me ya kai shi. Ran nan raina ya ɓaci na faɗa masa magana marar daɗi a gaban yara, kwana uku bai ci tuwona ba. Goggo, ko asiri aka yi masa? In kai ƙara wurin yayansa, ko in ci gaba da haƙuri?

Wata 'yarki daga Birnin Tsaba

Wa'alaikumus salam 'yata. Kafin maganar kuɗi da ta zuciya, akwai layi ɗaya a wasiƙarki da ya tsaya mini a rai, inda kika ce yara na taya shi kankarar fenti. Wannan a daina shi yau ɗin nan. Fentin da ake shafa wa injuna shekaru hamsin ko sittin da suka wuce, da yawansa akwai dalma a ciki, kuma 'yar Zamfara ba sai an ba ta labarin gubar dalma ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinari da ake niƙawa a cikin gidaje. Ta fenti ba ta kai waccan yawa ba, amma gubar ɗaya ce kuma hanya ɗaya take bi: ƙura ta sauka ƙasa, yaro ya dafa, ya kai hannu baki. Ba ta nuna kanta nan take, a hankali take taɓa jini da ƙwaƙwalwar yaro. Ki yayyafa ruwa kafin ki share zauren, ki bi da jiƙaƙƙen tsumma, sharar kuma a binne ta nesa da rijiya. Tufafin aikinsa a wanke su daban da na yara. Shi kuwa ya bar fentin yadda ya same shi, kada ya kankare, kada ya ƙona. Fenti ba ya yanka ƙarfe, wata bakwai ɗin nan a inda ba nan ciwon yake ba ya kashe su.

Sai adashinki. Haƙƙinki ne, bashi ne a wuyansa, kuma tambayarsa ba rashin kunya ba ce. Addini bai halatta wa miji dukiyar matarsa ba sai abin da ta ba shi da daɗin rai, ke kuwa rance kika ba shi, har da wa'adi. Zan dawo kan yadda za ki nema.

Batun asiri ki cire shi daga ranki. Na karanta wasiƙarki sau uku, abin da na gani mutum ne da aka raba da gonarsa yana neman inda zai dafa. Dubi lissafinsa. Sa ana kora shi da sanda ɗaya cikin dare, wannan kuwa da bakinki kika ce sai da maza takwas suka taru. Sannan ki ƙirga injin niƙa nawa ne tsakanin Birnin Tsaba da ƙauyukan da ke kewaye, da injin ban-ruwa na 'yan fadama, da na casar shinkafa, da na sussukar masara, da kurar ruwa, da amalanke. Kowannensu akwai sandar ƙarfe mai juyawa a cikinsa, kuma kowace sanda ranar cinyewarta na zuwa: mazaunin boris ya saki, bushi ya faɗaɗa, zaren noti ya mutu. A yau wanda hakan ta same shi sai ya ciro ƙarfen ya nufi Ƙaura ko Gusau, ya biya kuɗin mota, ya ɗauki kasadar hanya, wani lokaci ya kwana, a kan aikin da bai fi minti talatin ba. Ki tuna watan Satumban 2021, da aka rufe kasuwannin mako aka yanke layin waya, yadda ƙaramin gyara ya gagari mutane. Maigidanki mai gyara ne, shi ya fi kowa sanin yawan aikin da ke wuce shi saboda ba ya da abin yi. Tunanin mai kyau ne. Inda ya yi kuskure uku ne: bai zauna da ke ba, bai sa an gwada injin kafin ya biya ba, bai kuma tambayi irin wutar da yake ci ba.

Masu cewa ba ɗan maƙera ba ne, gaskiya ne ƙira gado ce a ƙasar Hausa, zuga-zugi da masaba da uwar maƙera daga uba ake karɓarsu. Amma aikin wannan inji a reluwe da masaƙu da makarantun koyon sana'a mutanenmu suka koye shi. Mahaifina ɗan gidan malamai ne, kuma har ya bar aiki maƙeran unguwarmu na kawo masa abin da ya fi ƙarfin magagari. Abin da maigidanki ke buƙata malami ne. Ya nemi wani tsohon hannu a Ƙaura ko Gusau, ya ajiye girma ya tsaya a gefensa ko da wata ɗaya ne, sannan ya roƙe shi ya zo ya ga injin da idonsa.

Yanzu ga abin da za ki karanta masa, domin da shi za ku san ko jari kuka ajiye a zaure ko gwangwan. Ba ya buƙatar wuta, ba ya cin kuɗi sai na kananzir.

Ran inji yana gadonsa, wato dogayen layukan ƙarfen nan biyu da keken wuƙa ke tafiya a kansu. Moto ana sakewa, bel ana saye, haƙorin giya ana iya cikowa, amma gado in ya lalace, gyaransa ya fi ƙarfin garuruwanmu. Saboda haka kada ya kusanci gadon da injin gurza na masu walda, kada ya sa masa magagari ko takardar yashi mai kaushi. Minti biyar na gurza ya isa ya kashe abin da ya rayu shekara sittin. Ya jiƙa tsatsar da kananzir ko man gas, ya bar ta ta kwana biyu, ya kwantar da reza ya riƙa turawa a hankali, ya goge da tsumma, ya sake jiƙawa. Ƙananan ƙarafa da ake iya cirowa, irin su noti da hannaye, ya jiƙa su a ruwan tsamiya mai kauri, yadda iyayenmu ke fito da hasken tasa, amma da ya tsame ya wanke ya busar ya shafa mai nan da nan, in ba haka ba kafin magariba sabuwar tsatsa ta hau. Tabon da ya rage a gado bayan an goge ba komai ba ne, muddin farce ba ya maƙalewa a rami.

In gado ya fito, sai ya matsar da keken kusa da kai, inda bakin da ke damƙe ƙarfe yake. Nan ne aka fi aiki, nan ne ya fi cinyewa. Ya ɗan ɗaure notin da ke kulle keken har ya ji yana ja kaɗan, sannan ya murza shi zuwa can gindi. In ya tafi har ƙarshe da ɗan nauyi, gadon na da sauran rai. In bai yi kamu ɗaya ba ya cije, to ya ci sosai. Ko hakan ne kada ya karaya tukuna, domin bushi da fuli gajeru ne, injin da ya gaza a doguwar sanda yana iya cin abinci da su shekaru. Daga nan ya duba jikin injin ko'ina da tocila yana neman tsaga. Ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi, kuma 'yan gwangwan ba sa sauke kaya da tausayi. Tsaga a ƙafa ana zaune da ita, tsaga a gado ko a kai kuwa maganar ta ƙare. Ya buɗe murfin kai ya ƙirga haƙoran giya, ya kwashe tsohon man da ya daskare, ya sa kowace giya ya juya bakin da hannu yana sauraro. Ya damƙa sandar ƙarfe a bakin, ya ɗaga ta sama ya danna ta ƙasa: in yana jin ƙwas-ƙwas, boris na neman a ɗaure shi ko a sake shi.

Maganar mai, don Allah kada ya zuba masa baƙin man da aka juye daga babur. Cike yake da garin ƙarfe. Kai yana son man haidurolik mai tsabta, gado kuma mai mai ɗan kauri, a shafa kullum a goge kullum. Giris ba ya hawa gado. A ƙasarmu ta hunturu, giris da ƙura in sun haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa, su za su cinye abin da tsatsa ta rage. Ya ɗinka masa riga da buhu ko tamfol, a rufe shi duk sa'ad da ba a aiki. Kuma ba a girke shi a kan ƙasa: a zuba masa daɓen siminti, a daidaita ƙafafun da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa, domin duk nauyinsa yana murɗewa in ƙafa ɗaya ta nutse, sai ya riƙa fitar da sanda kai siriri gindi kauri, a ɗora wa gado laifin da ba nasa ba.

Wuta ita ce babbar matsala, amma tana da ƙofa. A jikin moton akwai ɗan faranti mai rubutu, ya goge ya karanta. Irin waɗannan injuna yawanci doki biyu zuwa uku ne, doki uku kuwa kilowat 2.2 ke nan, kuma lokacin tashi moto na jan wuta ninki biyar ko fiye na abin da yake ci in ya daidaita, shi ya sa ƙaramin janareta ke durƙushewa. In faranti ya nuna lamba biyu, 220 da 380, akwai akwatin da ake sayarwa a Kano da Kaduna mai karɓar layi ɗaya ya fitar da uku, mai gyaran moto ya san yadda zai sauya haɗin wayoyin. Amma a garin da layi ɗayan ma baƙo ne, ni shawarata ya dubi abin da ya riga ya iya. Injin niƙa da me yake juyawa? Da injin gas da bel. Kafin a sa wa kowane inji motonsa, da bel daga sanda guda masana'antu ke juya injunan sassaƙa. Ya cire moton ya adana, ya girke injin gas a bayan bango saboda hayaƙi da girgiza, ya ratso da sanda da fuli, ya lissafa girman fulin yadda juyin zai yi daidai da wanda aka rubuta a farantin moto, ya tabbatar ɓangaren da yake juyawa shi ne na asali, ya sa hanyar sakin bel kusa da hannunsa don tsayarwa da gaggawa, ya kuma rufe bel ɗin da ragar ƙarfe. Wannan aiki ne da mai gyaran injin niƙa zai iya cikin mako biyu.

Ranar da ya fara juyawa, ga gwajin ƙarshe: ya damƙa sanda mai kaurin tabarya siririya, tsawon kamu ɗaya da ɗan ɗori, ya bi ta da yanka marar zurfi daga ƙarshe zuwa kai, ya auna kaurin ɓangarorin biyu. Takardar littafin makaranta kaurinta kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. In bambancin bai kai rabin haka ba, ku gode wa Allah, kun yi tsintuwa.

Ke kuma ga naki aikin, domin ke za ki riƙa ganin fitarsa daga ɗaki. Ba ya tsayawa gaban injin nan da babbar riga, ko jallabiya, ko rawani, ko hannun riga sake. Ba zobe, ba agogo, ba carbi a wuya, ba safar hannu. Abin da ya kama ba ya saki, kuma ba ya jin ihu. Na san mutumin da hannun kaftani ya raba shi da hannunsa na dama, yana da shekara ashirin a kan aikin. Makullin bakin inji ba a barinsa a jiki ko na ƙiftawar ido, in aka tayar da shi a ciki fitowa yake kamar jifa. Tarkacen da wuƙa ke fitarwa ba a jansa da yatsa. Ya sayi tabarau na aiki. Zauren kuma a yi masa ƙyaure, tunda hanyar yara ce.

To, yadda za ki ɓullo masa. Maganar da kika faɗa a gaban yara ki ba shi haƙuri a kanta, ita kaɗai, ba tare da kin haɗa da "amma" ba. Mutumin da dangi ke yi wa dariya a waje, in ya shigo gida ya tarar da irinta, ba tuwo kaɗai zai ƙaurace wa ba. Bayan kwana biyu, in fuska ta saki, ki ce masa kin nemo bayani a kan injin, ki karanta masa. Sannan ki kawo zancen kuɗinki a fili. Yayansa ki kira shi a matsayin shaida, kada ki kai masa ƙara: ku zauna ku uku, a rubuta naira dubu 180, a rubuta abin da zai riƙa ba ki duk wata daga gyaran ban-ruwa, ko kaɗan ne. A kuma yanka wa injin wa'adi, wata uku ya isa. In gwaji ya nuna mai rai ne, kina da zaɓi ki bar wani abu daga kuɗinki a matsayin jari, a riƙa cire miki kaso a kowane aiki, kuma wannan ma a rubuta. In ya nuna matacce ne, a sayar, a fara biyanki kafin komai.

*

Goggo barka da aiki. Ni ɗalibi ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke nan Ƙaura Namoda. Mahaifinmu ya rasu watanni biyar da suka wuce. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, da ya bar aiki ya sayi injin sassaƙar ƙarfe ƙirar Colchester da injin huda ƙarfe na tsaye, ya girke su a shagon ƙofar gida. Tun da ciwo ya kwantar da shi shekara shida ba a taɓa su ba. Mu tara ne, ga iyayenmu mata biyu. Yayyena sun kira mai sayen gwangwan ya yi musu kuɗi a kan kilo, suna so a sayar a raba. Na ce ban yarda ba, har na sa wa shagon kwaɗo. Yanzu babbar yayarmu ba ta amsa gaisuwata, ana cewa ina so in cinye gadon marayu. Ni kuwa wallahi in na shiga shagon ƙamshin Baba nake ji. Ya zan yi?

Ɗanki daga Ƙaura

Ɗana, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Na san ƙamshin da kake faɗa, na man inji da ƙarfe, har yau in na ji shi sai na waiwaya. Amma ka je ka cire kwaɗon nan kafin ka gama karanta amsata, ka miƙa wa babban yayanku makullin. Tun ranar da Baba ya cika, injin ya zama na mutum goma sha ɗaya. Iyayenku mata suna da tumuni su raba, sauran naku ne, namiji rabon mata biyu, bayan an biya bashi da wasiyya in akwai. Ƙaunar da kake yi wa shagon ba ta ƙara maka ko ƙwayar noti a kan rabonka, kuma mai yiwuwa a cikin masu son a sayar akwai wadda kuɗin makarantar ɗanta take hange. Ka je har ɗakin yayarka ka durƙusa ka ce ka yi kuskure.

Bayan haka kana da magana mai ƙarfi, kuma maganar amfanin kowa ce. Mai gwangwan nauyi yake saye, bai damu ko inji na aiki ba. Colchester kuwa sunan gari ne a Ingila inda aka yi ta ƙera su, kuma suna cikin injunan da suka cika makarantun sana'a da masana'antun ƙasar nan, har yau masu aikin ƙarfe a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano sun san darajarsu. Wanda ya shekara shida a ƙarƙashin rufi, a hannun mutumin da ya san mai, ya yi nesa da wanda ruwan sama ya daka a bola. Ka roƙi dangi mako uku. Ka nemi ɗaya daga malamanka na sashen injiniya, da wani mai sana'ar daga Gusau, kowannensu ya zo daban ya duba ya faɗi kuɗi a gaban yayyenka da malamin da zai raba gadon. In farashin mai aiki ya fi na kilo, ka ga ka ƙara wa kowa rabo, har da yayar da ke fushi.

Kafin su zo ka bincike shagon da ɗakin Baba, kada a zubar da komai. Ka nemi baki na biyu mai muƙamuƙi huɗu, da faffaɗan faranti, da abin tallafar doguwar sanda, da wuƙaƙe, da ma'aunai, da duk wata giya da ka gani a rataye a ƙusa ko a cikin tsohuwar akwati. Sau da yawa su ake fara watsarwa ana cewa tarkace ne, alhali rashinsu na karya kuɗin inji ƙwarai. In ka ga giya mai haƙori 127 ka riƙe ta da kyau. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, 127 kuma rabin 254 ne, da ita injin da aka ƙera a kan inci ke yanka zaren milimita daidai, kuma kusan duk babur da injin ban-ruwa da ke hannun mutane yau zaren milimita ne.

In an tsayar da kuɗi, sai ka nemi a sa injin a rabonka, abin da ya haura ka biya sauran a hankali, da yardarsu kuma a rubuce. In ba ka da hali, a ba wani mai sana'a hayar shagon da injunan, haya ta riƙa shiga hannun magada, kai kuma ka zama yaronsa bayan darasi. Takardar makaranta ba ta sa hannu ya san wuƙa. Abin da ka karanta cewa ƙarfe mai laushi ana yankansa a kan kusan mita 30 a minti da wuƙar ƙarfe, wato sanda mai kaurin milimita 50 tana son juyi wajen 190, gaskiya ne, amma sai ka ƙona wuƙa biyu uku kafin kunnenka ya gane kukan yankan da ya yi daidai. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura tun 1929 yana kwasar gyaɗa da auduga, irin su Baba ne suka riƙe shi da hannunsu, zan so a ce ɗaya daga 'ya'yansa ya ci gaba. In kuma duk da haka dangi suka ce sai an sayar, haƙƙinsu ne. Ka roƙi a sayar wa mai aiki da shi, ka nemi ma'aunin Baba da sifanunsa a cikin rabonka.

*

Goggo ina wuni. Ni yaron shago ne a Shinkafi, shekarata 19, shekara biyu ina koyon aikin injin sassaƙar ƙarfe. Maigidana ya yi tafiya ya bar mini shago. Ranar Alhamis da kasuwa ta watse wani mutum da ban sani ba ya kawo mini wasu ƙarafa da zane a takarda, ya ce na injin ban-ruwa ne. Goggo na san kayan injin ban-ruwa, waɗannan ba su ba ne. Ya aje kuɗin da ya ninka na aikin sau biyar, ya ce in yi da dare, kada in faɗa wa maigida. Ban taɓa ba, kuɗin na nan. Mahaifiyata ba ta da lafiya. Ya ce zai dawo Alhamis mai zuwa.

Yaronki daga Shinkafi

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ba ka taɓa ba, Allah ya ba Inna lafiya. Zuciyarka ta riga ta gaya maka ko mene ne, ni ma na gane. Aikin halal ba ya neman dare, ba ya ninka kuɗi sau biyar, ba ya cewa a ɓoye wa mai shago. Dokar ƙasa ta hana ƙera makami ko wani sashe nasa ba da izini ba, kuma wanda ya yanka ƙarfen ana kama shi kamar wanda ya kawo. Wannan ma ƙarami ne a kan sanin inda abin zai je ya faɗa, a ƙasar da kowane gida ke da wanda aka rasa. Kuma irin wannan aiki in ka yi sau ɗaya ba a barinka ka daina.

Kada ka yi masa gardama, kada ka nuna masa ka gane, kada ka ba abokanka labari. Ka kira maigidanka yau, ka faɗa masa komai yadda ka faɗa mini, har da ciwon Inna, ka nemi ya ba ka rance a kan aikinka ko ya haɗa ka da wanda zai taimaka. Shi babba ne, ya san wanda zai sanar cikin sirri, wannan nauyin ba na ɗan shekara 19 ba ne. Kuɗin da ƙarafan da takardar ka ƙulle su a leda ɗaya yadda aka kawo su, ko naira kada ta yi ciwon kai. In maigida ya dawo kafin Alhamis, shi zai mayar. In bai dawo ba, ya turo wani dattijo da ya amince da shi ya zauna a shagon tun safe, a miƙa wa mutumin kayansa da rana tsaka a gaban jama'a, a ce masa yaro ba ya karɓar aiki sai maigida na nan. Kai kuma ranar kada ka kai la'asar a shago, ka kwana a gidan wani ɗan uwa, ka kuma rubuto mini mako mai zuwa in ji yadda aka ƙare.